Yadda masu kula da jagorar Tails suka sauya shafin girkawa a 2025

A watan Fabrairun 2025 masu haɗa Tails suka sanar cewa duk mai kwamfutar Windows da ke son ɗora Tails a kan filash, da manhajar Rufus zai riƙa yin aikin, an daina tura mutane wajen balenaEtcher, manhajar da ake aikin da ita a da. Ko layi ɗaya ba a taɓa ba a cikin manhajar Tails saboda wannan shawara. Rubutun umarni aka sauya, da hotunan allo, da maɓallin saukewa, sai fassarorin da ke rataye a jikin rubutun. Duk da haka gyaran tsaro ne cikakke, domin ɓarakar a cikin jagorar take: ita ce ke cewa mutane su sauke wata manhaja, manhajar kuwa ta canza hali bayan an daɗe da amincewa da ita.

Tails tsarin tafiyar da kwamfuta ne da aka gina a kan Debian, wani nau'in Linux, ya fara fitowa a Yunin 2009. A kan filash yake zama. Mutum ya tayar da kwamfuta daga filash ɗin, ya yi aikinsa, duk abin da zai fita intanet ya bi ta hanyar Tor, tsarin da ke ɓoye inda mutum yake a intanet, yana kashewa kwamfutar ta manta da komai, in ban da abin da ya adana da gangan a ma'ajin dindindin da ke kulle da kalmar sirri. 'Yan jarida Laura Poitras da Glenn Greenwald sun yi amfani da shi wajen hulɗa da Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, a 2013. A Yulin 2014 kafofin labaran Jamus suka wallafa wasu ƙa'idojin XKeyscore, manhajar sa-ido ta hukumar NSA ta Amurka, waɗanda suka nuna cewa neman Tails a intanet kaɗai ya isa a sa wa mutum alama. Ke nan sanin cewa wane yana shirin amfani da Tails labari ne mai tsada, tun kafin a san abin da zai yi da shi. A kan wannan gaɓa lamarin 2025 ya rataya.

Shafin da ya fi kowane wuya

A duk jagorar Tails babu inda ya kai shafin girkawa haɗari. Mai karanta shi bai shiga Tails ba tukuna. Yana kan Windows ɗinsa na yau da kullum, da burauzarsa ta yau da kullum, adireshinsa na intanet a fili, babu Tor, babu wata kariya. Yawanci kuma bai taɓa tayar da kwamfuta daga filash ba a rayuwarsa. Duk kuskuren da zai yi a nan, rubutun ne kaɗai zai iya tare shi.

Kafin 2019 aikin na da tsawo. Mai Windows sai ya tanadi filash biyu: ya ɗora Tails na wucin gadi a kan na farko da wata manhaja mai suna Universal USB Installer, ya tayar da kwamfuta daga shi, sannan daga cikin wannan Tails ya kwafa na gaskiya zuwa filash na biyu. Kowane mataki wuri ne da mutum zai iya ɓacewa, ya rikita filash ɗin, ko ya gaji ya haƙura. Da Tails 3.12 ya fito a Janairun 2019 aka kawo fayil na musamman da ake rubutawa kai tsaye a kan filash guda, aka kuma zaɓi Etcher, wato balenaEtcher, ya zama kayan rubutawar a Windows da macOS. Zaɓin ya yi ma'ana a lokacin. Matakai uku ne a allonsa, ka zaɓi fayil, ka zaɓi filash, ka danna a fara, kuma kamanninsa ɗaya ne a tsare-tsaren biyu, don haka umarni ɗaya da hotuna kusan iri ɗaya sun wadatar.

Tsarin shafin tun daga nan bai canza sosai ba. Ana fara faɗa wa mutum abin da zai tanada: filash mai aƙalla gigabait 8 wanda za a goge duk abin da ke kansa, da kwamfuta mai injin 64-bit, domin tun Tails 3.0 na 2017 aka daina tallafa wa 32-bit. Sai saukar da fayil ɗin, wanda ya haura gigabait ɗaya, daga sabobin da 'yan sa-kai ke riƙewa a ƙasashe daban-daban. Sai tantancewa: mutum ya zaɓi fayil ɗin da ya sauke, burauzarsa ta lissafa tambarinsa a cikin kwamfutarsa ta gwada da wanda Tails ta wallafa, don a gane ko ya lalace a hanya ko wani ya sa masa hannu. Sai a sauke kayan rubutawa, a rubuta. Akwai kuma wani mataki da wanda bai taɓa zama kusa da sabon mai amfani ba ba zai tuna da shi ba: kafin a sake tayar da kwamfuta, shafin yakan ce wa mutum ya buɗe sauran umarnin a wayarsa ta hanyar lambar QR, ko ya buga a takarda, saboda da zarar kwamfutar ta mutu shafin da yake karantawa ya tafi da ita. Daga nan ne ake zuwa teburin maɓallan tayarwa, F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a Asus, ko kuma a Windows na zamani a riƙe Shift a danna sake tayarwa.

Abin da ya lalace

Bisa bayanin Tails, abu na farko da ya sauya shi ne balenaEtcher ya fara nuna talla yayin da yake rubutu. Masu kula da jagorar ba su ji daɗi ba, amma ba su ɗauke shi barazana ga sirri ba, kuma ba su da madadin da ya fi shi, sai suka bar shi. A 2024 manhajar ta fara aika sunan fayil ɗin da ake rubutawa da samfurin filash ɗin zuwa ga kamfanin Balena, mai yiwuwa har da wasu na gefe.

Ga wanda ke rubuta tsarin wasan yara a kan katin ƙwaƙwalwa, wannan ba komai ba ne. Amma sunan fayil ɗin Tails da kalmar tails yake farawa, sai nau'in inji, sai lambar sigar. Saƙon da ke ɗauke da wannan suna daga kwamfutar da ba ta kan Tor yake tashi. Mutum ya bi umarnin da aka rubuta don kare shi, tiryan-tiryan, umarnin kuma ya kai shi inda za a iya rubuta cewa a rana kaza, daga adireshi kaza, an ɗora Tails a kan filash samfuri kaza. Tails ta faɗa a fili cewa ba ta ga wani hari da ya biyo ta wannan hanya ba. Ba ta kuma jira sai ta gani ba, wanda a ganinmu shi ne daidai, domin irin wannan bayani idan ya riga ya fita ba a kiransa ya dawo.

Darasin fasaha a nan shi ne cewa gwajin da ake yi wa Tails kafin kowace fitarwa ba zai taɓa kama wannan ba. Gwajin yana duba abin da ke cikin filash. Etcher kuwa a waje yake, mallakar wasu ne, suna sabunta shi lokacin da suka ga dama. Jimlar da ke cewa a sauke shi gaskiya ce ranar da aka rubuta ta, harafi ɗaya bai canza a cikinta ba, amma ta zama shawara mara kyau tana zaune a wurinta.

Zaɓen madadi

Tails ta ce ta auna wasu manhajoji bakwai kafin ta tsaya a kan Rufus. Abin da ake nema a irin wannan aune-aune ya wuce ko manhajar tana aiki. Dole ta rubuta fayil ɗin yadda yake, bait bayan bait, ba tare da ta sake tsara ɓangarorin filash ko ta sa nata mai tayarwa ba, domin Tails ɗin da aka taɓa ba shi ne wanda aka tantance ba. Dole lambarta, wato rubutun da aka gina ta da shi, ta zama a buɗe. Dole kada ta yi tsegumi zuwa waje. Sannan dole a iya bayanin ta cikin 'yan jimloli ga wanda bai san komai ba, wanda shi ne sharaɗin da ya fi kayar da kayan aiki masu kyau.

Abin lura shi ne an taɓa gwada Rufus shekaru shida kafin nan aka ƙi shi, saboda a lokacin yana da wuyar sha'ani kuma yana sauya fayil ɗin Tails ta hanyar da ke da haɗari. A tsakanin nan masu haɗa shi suka gyara. Da a ce an rubuta "Rufus bai dace ba" an rufe littafi, da ba a koma kansa ba. Saboda an ajiye dalilin ƙin a rubuce, wanda ya zo daga baya ya iya duba ko dalilin yana nan. Wannan al'ada ta rubuta dalili a cikin tikitin aiki tana daga abubuwan da suka fi amfani a ƙungiyar da mutane ke shigowa suna fita.

Rufus ƙaramin fayil ne, a lokacin bai kai megabait biyu ba, ba ya buƙatar girkawa, alhali Etcher ya haura megabait ɗari. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ma riba ce. Sai dai allonsa ya fi na Etcher cunkoso, akwai akwatunan zaɓi da yawa da mutum bai kamata ya taɓa ba. Umarnin sai ya tsaya a kan abin da za a yi kawai: a tabbatar filash ɗin da ya bayyana a sama shi ne wanda ake nufi, a danna SELECT a zaɓi fayil ɗin, a danna START, a amince da gargaɗin cewa za a goge komai, a jira ya gama, a rufe. Ba a bayyana sauran akwatunan ba, kuma da gangan ne. Kowane akwati da ka yi wa bayani ka gayyaci mai karatu ya taɓa shi.

Inda aikin yake da gaske

Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka gyara shafi ɗaya aikin rabin awa ne. Jagorar Tails tana zaune a rumbun Git ɗaya da lambar manhajar, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi. Ana rubuta shafukan da Markdown, wani salon rubutu mai sauƙin alamomi, wata manhaja mai suna ikiwiki tana mayar da su shafukan intanet. Duk gyara yana bi ta hanyar da gyaran lamba yake bi: mutum ya buɗe reshe, wato kwafin aiki na gefe, ya yi aikinsa, ya nemi a haɗa, wani daban ya karanta kafin a amince. Reshen master shi ne ke zama shafin da jama'a ke gani. Bayanin abin da bai fito ba tukuna yana zama a reshen da ake haɗa fitarwa ta gaba, sai ranar fitarwa ya haɗu da sauran. Idan aka yi kuskuren tura shi da wuri, jagora za ta riƙa kwatanta maɓallin da babu shi a allon kowa. Idan aka makara, ta riƙa kwatanta wanda aka cire.

Shafukan girkawa kuma ba a rubuta kowannensu daban ba. Akwai na Windows, na macOS, na Linux, na kwafa daga wani Tails, da na sabuntawa da hannu, kuma yawancin matakansu ɗaya ne. Don haka an yanka matakan gunduwa-gunduwa, kowane shafi yana jawo gunduwoyin da yake buƙata, ana ɓoye ko nuna wasu jimloli gwargwadon shafin da mutum yake. Amfanin a bayyane yake: ka gyara bayanin tantancewa sau ɗaya, ya gyaru ko'ina. Illar ta fito a irin wannan lamari. Tun 2019 Windows da macOS suna cin moriyar bayanin Etcher tare. Yanzu sai an raba su, Windows ya samu nasa matakan, macOS ya ci gaba da tsohon, kuma sai an buɗe kowane shafi da aka gina an karanta daga sama har ƙasa don kada wata jimla ta Rufus ta ɓulla a gaban mai Mac, wanda Rufus ba ya aiki a kwamfutarsa sam. Sunan tsohuwar manhajar kuma ba a shafin girkawa kaɗai yake ba. Sai an bi shi a shafukan matsaloli, da na tambayoyi, da duk inda aka ce "sake rubutawa da kaza".

Hotunan allo su ne suka fi saurin tsufa. Injin bincike yana gano kalma a cikin rubutu, amma ba ya gano ta a cikin hoto. Hoton da ke nuna tsohuwar manhaja zai iya zama shekara babu wanda ya lura, sai mai amfani ya rubuto yana cewa abin da yake gani ba shi ne a shafin ba. A manhajar sirri wannan ya wuce rashin kyan gani. An koya wa mutumin nan cewa idan ya ga abin da bai yi tsammani ba ya tsaya, wataƙila an sa wa kayansa hannu. Jagorar da ba ta dace da allo ba ko dai ta tsorata shi a banza, ko kuma, wanda ya fi muni, ta saba masa da watsi da bambanci.

Fassara

Nan ne 'yan sa-kai suka fi yawa. Rubutun Ingilishi mutane kaɗan ne ke riƙe da shi, wasunsu ana biyansu. Fassarar zuwa Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Fotugis da sauransu kuwa yawanci aikin masu ba da lokacinsu ne kyauta, da yawansu da sunan aro.

Kowane shafi yana da fayil ɗin fassara, da ake kira PO, ga kowane harshe. A ciki an yanka shafin sakin layi-sakin layi, kowanne da asalinsa a ƙarƙashin msgid da fassararsa a ƙarƙashin msgstr. Idan aka sauya asalin, ko da waƙafi ɗaya ne, injin yakan sa wa tsohuwar fassarar alamar fuzzy, wato ba a tabbatar da ita ba, shafin kuma ya daina nuna ta, ya nuna Ingilishi a gurbinta har sai wani ya duba. Shi ya sa bayan babban gyara ake ganin shafi rabinsa Faransanci rabinsa Ingilishi. Babu kyan gani, amma zaɓi ne mai hankali. Gara mai karatu ya ci karo da Ingilishin da ke cewa Rufus da ya karanta harshensa yana cewa ya sauke abin da aka janye.

Wannan tsari yana sa marubucin Ingilishi ya yi taka-tsantsan. Gyaran salo da bai ƙara ma'ana ba yana ɓata fassara a kowane harshe lokaci guda, mutane da dama a ƙasashe daban-daban su sake zama kan jimlar da sun riga sun gama. Saboda haka idan gyaran ƙarami ne, kamar kuskuren rubutu, wanda ya yi shi ne ya kamata ya bi fayilolin PO ya cire alamar da kansa. Haka kuma ana guje wa cusa lambar siga ko girman fayil a tsakiyar sakin layi mai tsawo, domin Tails yana fitowa kusan kowane mako huɗu, yana bin sawun burauzar Tor da Firefox, kuma ba mai fassarar da zai jure sake duba sakin layi ɗaya sau goma sha uku a shekara.

Masu fassara suna aiki ne a Weblate, wani dandalin fassara, a burauza, ba sai sun koyi Git ba. Amma ba duk abin da aka rubuta ke wucewa ba. Kowa na iya ba da shawarar fassara, mai bita na wannan harshe ne ke amincewa, akwai kuma kwafin shafin na gwaji inda ake ganin yadda za ta kasance kafin ta fita. Abin da ke tahowa daga Weblate zuwa babban rumbu an taƙaita shi ga fayilolin fassara. Dalilin tsaro ne. Wanda ke son cutar da masu Tails a wata ƙasa ba sai ya fasa lambar manhaja ba. Ya ishe shi ya sauya adireshin saukewa a fassarar harshensu, ko ya cire "kada" daga gargaɗi guda. Masu rubutun Ingilishi ba sa jin duk harsunan nan, ba za su gani ba. Mai bita ne kaɗai katanga.

Kura-kuran da aka fi samu ba na mugunta ba ne. Mai fassara ya fassara adireshin da ke cikin mahaɗi tare da rubutunsa, mahaɗin ya mutu. Ya manta rufe wata alama, ginin shafin ya tsaya, shi ya sa ake da ɗan shirin da ke duba fayilolin kafin su shiga. Ko ya fassara sunan maɓalli da kalma mai kyau wadda ba ita ce ke kan allo ba, domin fassarar manhajar da fassarar jagorar ayyuka biyu ne da mutane daban-daban ke yi. Mai karatu yana neman kalmar da aka faɗa masa, bai same ta ba. Babbar matsalar kuwa ita ce ɗorewa. Fara fassara yana da daɗi, mutum ya ga shafuka suna cika. Riƙe ta shekara biyar, wata bayan wata, shi ne ke raba harshen da ke raye da wanda ya koma Ingilishi a hankali. Don haka ake fara da jerin shafukan da suka fi muhimmanci, na girkawa da na gargaɗi a kan gaba, kuma ba a buɗe sabon harshe ga jama'a sai an ga alamar akwai masu riƙe shi. Hausa ba ta cikin harsunan da aka buɗe. Duk masu tunanin farawa, mutum biyu ne mafi ƙarancin abin da za su buƙata, mai fassara da mai bita, da kuma yarjejeniya tun farko a kan kalmomi irin su gada, ma'ajin dindindin da kalmar sirri, don kada shafi ɗaya ya kira abu da suna uku.

Kwafi biyu na jagora ɗaya

Akwai wani abu da ya keɓanta da Tails: kwafin jagorar yana cikin filash ɗin, don wanda bai samu shiga Tor ba ya iya karanta yadda zai shiga. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mai amfani da gada, wato ɓoyayyiyar mashigar Tor, a ƙasar da aka toshe Tor, wanda sau da yawa agogon kwamfutarsa ne ba daidai ba, nau'in gadar da ake kira obfs4 kuwa ba ta haɗuwa idan agogo ya kauce sosai. Ba shi da intanet ɗin da zai nemi amsa, sai abin da ke cikin filash. Amma wannan kwafin a daskare yake tun ranar da aka gina sigar. Gyaran da aka yi washegari yana isa shafin intanet nan take, ba ya isa filash sai mutum ya sabunta. Marubucin jagora dole ya riƙa tambayar kansa wane kwafi mai karatun wannan shafi zai gani. A lamarin Rufus an yi sa'a, domin mai girkawa na farko shafin intanet yake karantawa, gyaran ya isa gare shi ranar da aka haɗa shi.

Ba wannan ne karo na farko ba

Jagorar Tails ta sha janye shawarar da ta taɓa bayarwa. Shekara da shekaru akwai zaɓin goge fayil ta yadda ba za a dawo da shi ba, ta hanyar rubuta wasu bayanai a kansa. Wannan dabara ta tsohon rumbu mai juyawa ce. Filash da rumbun SSD suna rarraba rubutu a sassa daban-daban don kada wuri ɗaya ya gaji, saboda haka abin da ka rubuta "a kan" fayil yana iya sauka wani wuri, asalin yana nan kwance. A Tails 6.0 na Fabrairun 2024 aka cire zaɓin, aka sake rubuta shafin ya faɗi gaskiya: a kulle na'ura da sirri tun farko, ko a shafe ta gaba ɗaya, ko a lalata ta. A 2023 ma an yi irin haka da ma'ajin dindindin. Tails 5.13 ya fara ƙirƙirar sababbin ma'ajiya da tsarin kullewa na LUKS2, 5.14 ya riƙa mayar da tsofaffin, amma sauya tsarin kullewa ba ya ƙarfafa kalmar sirri mai rauni. Rubutu ne ya ɗauki sauran nauyin, da shawarar a yi amfani da kalmomi 5 zuwa 7 da aka zaɓa ba bisa tsari ba. Sai kuma gargaɗin da ake maimaitawa a duk babbar siga, lokacin da sabuntawa ta atomatik ba ta yiwuwa: wanda ya bi umarnin girkawa sabo a kan filash ɗinsa zai goge ma'ajinsa da duk abin da ke ciki, umarnin sabuntawa da hannu ne ke tsare shi. Shafukan biyu sun yi kama sosai, kuma jimla ɗaya ce ke tsaye tsakanin mutum da asarar aikin shekaru.

Ta ina masu rubutun ke sanin inda mutane ke tuntuɓe? Ta teburin taimako, inda tambayar da ta yawaita take nuna shafin da bai yi bayani ba. Ta rahotannin kuskure da ake aikowa daga cikin Tails da WhisperBack, a kulle kuma ta hanyar Tor. Da kuma zama kusa da mutum ana kallonsa yana bin umarnin ba tare da an taimake shi ba, ana rubuta inda ya tsaya. Aikin da ke kare sirrin masu amfani ba zai cika kwamfutocinsu da na'urorin bin diddigi don ya san abin da suke dannawa ba, don haka waɗannan hanyoyi masu jinkiri su ne abin da ake da shi.

Abin da ya rage

Gyaran 2025 bai rufe komai ba. Rufus na Windows ne kaɗai, saboda haka a sanarwar an bar balenaEtcher a umarnin macOS, aka nuna wa masu damuwa hanyoyi biyu: umarnin dd a allon rubuta umarni, ko manhajar Raspberry Pi Imager. An kawo hujjar cewa Tails ba ya tashi a kwamfutocin Apple masu injin M1 da M2, don haka masu girkawa daga Mac suna ta raguwa. Hujjar gaskiya ce, amma ba ta gamsar da mu gaba ɗaya ba. Mai tsohuwar Mac ta Intel da ke cikin haɗari haɗarinsa bai ragu ba don takwarorinsa sun yi kaɗan, kuma dd kayan aiki ne da harafi ɗaya na kuskure a sunan na'ura ke sa ya goge rumbun da ba shi ake nufi ba, ba abin da za a miƙa wa sabon shiga ba ne cikin kwanciyar hankali.

A Satumban 2024, watanni kaɗan kafin wannan sauyi, Tails ta haɗe da Tor Project, wanda shi ma yake da nasa jagorar da nasa masu fassara. Haɗewar ta rage wa ƙaramar ƙungiyar nauyin gudanarwa da neman kuɗi. Ba ta sauya yanayin Rufus ba: shi ma manhajar wasu ce, yana fitar da sababbin sigogi a lokacin da masu shi suka zaɓa, kuma duk sigar da ta fito sai wani ya sauke ta, ya rubuta Tails da ita a kan filash, ya gwada abin da ta rubuta da asalin, ya duba ko tana magana da wata saba, sannan ya buɗe shafin girkawa ya tabbatar maɓallan suna inda hoton ya nuna.